Kafaɗar mai kwale-kwale: Daina ciwo ba shi ne warkewa ba

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ya san cewa da zarar mota ta hau gadar Wudil, ido kan faɗa kan kogi ko da mutum bai yi niyya ba. A nan za ka hangi masunta da komarsu, ga masu ɗebo yashi sun cika kwale-kwale har ruwa yana neman taɓa bakinsa, can kuma a mashigan ƙauyuka ga masu fito suna tsallakar da mutane da kayansu, musamman ranar Juma'a da kasuwar garin ke ci. Mu da ke cikin mota kallo kawai muke yi mu wuce. Ba kasafai muke tunanin cewa kowane ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah yana da wani jari da ya fi jirginsa tsada ba, wanda in ya lalace babu kafintan da zai gyara shi. Wannan jari kuwa shi ne kafaɗarsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne abin da ya sami wani ƙanena, ɗan ƙanin mahaifina, matashi mai shekara ashirin da 'yan kai, daga mazaɓar Dagumawa a Ƙaramar Hukumar Wudil. Tun yana yaro yake bin manya zuwa kogi, har ya kai ga mallakar nasa kwale-kwalen, yana ɗebo yashi, wani lokaci kuma ya yi fito. Wata damina, ruwa ya cika yana gudu, ya tokara doguwar gorar da yake tura jirgi da ita, sai ta kafe a taɓo. Ruwa ya juya jirgin, shi kuwa ya ƙi sakin gorar, hannunsa na dama yana sama, aka fizge shi ta baya. Nan take kafaɗar ta goce. Abokan aikinsa suka kai shi wajen mai ɗori, aka ja, aka mayar, aka ɗaure. Bayan kwana goma sha biyu ciwo ya lafa, ya kwance ɗauri ya koma ruwa, domin a cewarsa tukunyar gidansa ba ta san yana jinya ba.

Ba a yi wata biyu ba kafaɗar ta sake fita, a wannan karon a tsakiyar kogi, da mata biyu da ƙaramin yaro a cikin jirgin. Filafili ya suɓuce masa, jirgi ya shiga juyi, mata suka shiga salati. Allah cikin ikonSa akwai wani yaronsa a bayan jirgin, shi ya lallaɓa ya kai su gaɓa. Da labari ya iso mini, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda kowa ya ɗauki abin a matsayin tsautsayi kawai. Tsautsayi gaskiya ne, ba ya kuma wuce ranarsa, amma gocewa ta biyu tana da dalilin da likitoci suka daɗe da sani, kuma da an san shi da wataƙila ba a sa rayuka uku cikin haɗari ba.

Kafin mu kai ga wannan dalili, yana da kyau mai karatu ya fahimci irin ruwan da ake magana a kai. Kogin da ke bi ta Wudil haɗakar Kogin Kano ne da Kogin Challawa, daga nan ya nufi Haɗeja, ya haɗu da na Jama'are, ya zama Kogin Yobe da ke ƙarewa a Tafkin Chadi. A saman waɗannan koguna akwai manyan madatsun ruwa biyu, wato Tiga da aka kammala a shekarar 1974 zamanin mulkin marigayi Audu Bako, da kuma Challawa da ke yankin Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992. Tun daga wancan lokaci halin kogin ya sauya. Da rani yakan kwanta lumui, amma a watannin Agusta da Satumba, idan ruwan sama ya haɗu da wanda ke kwararowa daga madatsun, sai ya zama wani abu dabam: ya yi ja, ya yi ƙarfi, ya riƙa juyi a gindin ginshiƙan gada da kuma ramukan da ɗibar yashi ta bari a ƙarƙashinsa. A irin wannan ruwa mutum ba ya tuƙi da natsuwa, kokawa yake yi, kuma kafaɗa ce ke ɗaukar nauyin kokawar.

Ita kafaɗa halittarta dabam take da ta sauran gaɓoɓi. Idan ka dubi mahaɗar ƙugu, za ka ga kan ƙashin cinya ya shige cikin gurbi mai zurfi, kamar taɓarya a cikin turmi. Kan ƙashin dantse kuwa zaune yake kawai a kan wani ɗan gurbi marar zurfi na allon kafaɗa, kamar tulu a kan gammo. Wannan ne ya ba hannu damar juyawa ta kowace fuska, shi ne kuma ya sa a cikin manyan gaɓoɓin jiki babu wadda ta kai kafaɗa yawan gocewa. Abubuwan da ke riƙe tulun kada ya faɗo su ne wani zoben guringuntsi da ya kewaye bakin gurbin, da jijiyoyin da suka lulluɓe mahaɗar, da kuma wasu tsokoki huɗu da suka taso daga allon kafaɗa suka rungume kan ƙashin. Fiye da kashi 90 cikin 100 na gocewar kafaɗa ta gaba take fita, kuma yanayin da ya fi jawo ta shi ne a ɗaga hannu sama, a buɗe shi gefe, sannan wani ƙarfi ya tura shi baya. Haka hannun ƙanena yake sa'ad da gora ta kafe.

Idan ƙashi ya fita, sau da yawa yakan yage wannan zobe daga mazauninsa, raunin da wani likitan Ingila mai suna Bankart ya bayyana tun a 1923, har ake kiran sa da sunansa. Mayar da ƙashi ba ya ɗinke wannan yaga. Ciwo zai lafa cikin mako biyu ko uku, amma gammon ya riga ya karkace, tsokokin kuma sun yi sanyi saboda ɗauri. Shi ya sa a tsakanin matasa 'yan ƙasa da shekara 25 masu aikin ƙarfi, fiye da rabi kan sake gocewa, kuma kowace gocewa tana iya ƙara cin bakin ƙashin, ta sauƙaƙa wa wadda za ta biyo baya. Su kuwa waɗanda suka haura shekara 40, abin da aka fi ji musu shi ne tsinkewar jijiyoyin tsokokin nan huɗu, wadda kan bar mutum ba ya iya ɗaga hannu ko ya kai hula kansa.

A neman fahimtar yadda za a taimaki wannan yaro na ci karo da wasu mutane da suka fi kowa sanin wannan matsala, wato masu wasan kayak a ruwa mai gudu. Kayak wani siririn kwale-kwale ne mai rufaffen sama, na mutum ɗaya, da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu, asalinsa kuwa na mutanen Inuit ne mazauna yankin ƙanƙara na arewacin duniya, waɗanda ke farauta da shi. Turawa suka mayar da shi wasa, suna gangarawa da shi ta cikin kogunan da ke faɗowa kan duwatsu suna kumfa, har suka kasa ƙarfin ruwa zuwa mataki shida. A nan Afirka ana yin sa a Kogin Nilu kusa da garin Jinja na ƙasar Yuganda, da kuma Kogin Zambezi. Wasan ya shiga gasar Olamfik a 1972 a ƙasar Jamus, aka dakatar da shi, sannan ya dawo a Basalona a 1992. A gasar Beijin ta 2008 Benjamin Boukpeti ya ciyo wa ƙasar Togo tagulla a wannan wasa, lambar Olamfik ta farko a tarihinta, don murna har ya karya filafilinsa gida biyu. Nijeriya ma Jonathan Akinyemi ya wakilce ta a Landan a 2012 da kuma Rio a 2016.

Gocewar kafaɗa na cikin manyan raunukan da 'yan wannan wasa suka fi tsoro, domin idan jirgi zai kife, abin da jiki ke fara yi shi ne miƙa hannu sama da gefe a doki ruwa da filafili. Saboda haka tun a darasin farko ake koya wa ɗan wasa ƙa'ida guda: kada hannuwanka su wuce inda idonka ke ganin su a gaban ƙirjinka, kada kuma gwiwar hannu ta haura kafaɗa. In kana son kai filafili baya, juya gangar jikinka gaba ɗaya, ƙugu da baya su yi aikin. In kuma ruwa ya kama filafili ya fi ƙarfinka, sake shi. Wannan ilimi ne da bai buƙatar ko kwabo, amma ban taɓa jin an tara masu kwale-kwalen Wudil an faɗa musu shi ba, ko da yake tsofaffin cikinsu da yawa haka suke tuƙi ba tare da sun ba abin suna ba.

Darasi na biyu shi ne yadda suke komawa ruwa bayan rauni. Ba a komawa don ciwo ya daina, ana komawa ne mataki bayan mataki. Da farko a yi hoton ƙashi, a tabbatar babu karaya tare da gocewar, a kuma duba ko fatar gefen dantse ta mutu ba ta jin taɓi, alamar cewa jijiyar da ke wucewa ta ƙarƙashin mahaɗar ta taɓu. Sai a rataye hannu na ɗan lokaci, yawanci mako ɗaya zuwa uku, ba watanni ba, domin doguwar ɗaura kan sa kafaɗa ta daskare, musamman ga masu ciwon sukari. Daga nan sai motsi a hankali, sannan ƙarfafa tsokokin nan huɗu da na allon kafaɗa ta hanyar jan igiyar roba, sannan atisayen da ke sake koya wa gaɓar sanin inda take ba tare da ido ya duba ba. Sai hannun ya kamo ɗan'uwansa a ƙarfi da juyi, mutum ya daina jin fargabar za ta fita idan ya ɗaga shi, kafin a taɓa filafili. Ko a nan ma a kwantaccen ruwa ake farawa, sannan mai ɗan gudu, sannan mai ƙarfi. Wannan kan ɗauki kimanin wata uku ko fiye, in kuwa an yi tiyata, wata huɗu zuwa shida.

Wannan hanya muka bi da ƙanena. Na ɗauko shi zuwa Kano, aka yi hoto, likita ya tura mu sashen gashin ƙashi, tare da gargaɗin cewa in ta sake fita a karo na uku, maganar tiyata ta taso. Ranar farko da aka miƙa masa igiyar roba aka ce ya ja sau goma, ya dube ni yana murmushi, ya tambaye ni ko don wannan wasan yara na raba shi da sana'arsa. Bai kai ja na bakwai ba hannun ya fara rawa, wannan kuwa mutum ne da ke cika kwale-kwale da jiƙaƙƙen yashi shi kaɗai. Daga ranar bai sake musu ba. Ya riƙa zuwa asibiti lokaci-lokaci, sauran atisayen kuma yana yi a gida, da robar tayar keke da ya ɗaura a jikin ƙofa.

Wata huɗu ya yi bai taɓa ruwa ba. Da rani ya shigo kogi ya kwanta, ya fara shiga da jirgi babu kaya, yana bin gefe. Ya shaida mini cewa abin da ya fi ba shi wahala a lokacin zuciyarsa ce, don duk sa'ad da gora ta ɗan riƙe a ƙasa sai gabansa ya faɗi. 'Yan wasan kayak ma sun san wannan tsoro, kuma maganinsa a wurinsu shi ne maimaita ƙaramin abu har jiki ya sake amincewa da kansa. Sannu ba ta hana zuwa. Daga jirgi wayam ya koma rabin lodi, daga nan cikakke. Fito kuwa sai da damina guda ta wuce kafin ya sake ɗaukar mutum, har yau kuma in ruwa ya cika ba ya tsallakawa sai da mataimaki a baya. Ya rage tsawon inda yake kama gora, ya kuma koyi sakinta in ta kafe, tun da gora ana sayen wata a kasuwa.

Ba nufina ba ne in zubar da mutuncin masu ɗori. Sana'a ce ta gado, su ne kusa da talaka, su ke amsa kira da tsakar dare, kuma da yawansu na karɓar abin da ya sauƙaƙa. Amma hannu, komai gwanintarsa, ba ya ganin cikin jiki. Jan kafaɗar da ke ɗauke da karaya na iya mayar da ƙaramin rauni babba, ɗauri mai tsanani kuma kan tare jini. Abin da ya fi muhimmanci shi ne aikin mai ɗori kan ƙare ne ranar da aka kwance ɗauri, alhali a nan ne jinyar kafaɗa ke farawa. Mu kanmu 'yan boko ba mu tsira daga wannan kuskure ba. Nawa ne daga cikinmu suka je gashi sau biyu, suka ga ciwo ya tafi, suka ajiye katin asibiti a aljihun mota?

To, amma kafin mu ɗora wa masu kwale-kwale laifin gaggawa, mu tambayi kanmu wa zai ciyar da iyalinsu na wata huɗu. Ma'aikacin gwamnati yana da hutun jinya, albashinsa na shiga yana kwance. Mai ɗebo yashi kuwa abin da ya samo yau shi za a dafa yau. Ƙanena ya iya haƙura ne kawai saboda 'yan'uwa sun haɗa masa kuɗin cefane, wani abokinsa kuma ya karɓi jirgin yana aiki suna raba abin da aka samu. Wanda ba shi da wannan gata fa? Ruwa zai koma da raunanniyar kafaɗa, ya ɗauki matan wani da 'ya'yan wani. Jihar Kano ba ta manta da abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen watan Nuwamban 2021 ba, inda kwale-kwale ya kife a madatsar Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Lodi fiye da kima aka ɗora wa alhakin wancan haɗari, aka kuma yi ta maganar rigunan kariya da ingancin jirage, wanda daidai ne. Sai dai a duk lissafin tsaron ruwa da muke yi, lafiyar jikin matuƙi ba ta ciki, alhali a jirgin da ba shi da inji, shi ne injin.

A ganina akwai abubuwan da za a iya yi ba tare da jiran wani gagarumin kasafi ba. Na farko, Kano tana da Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala tun 1959, tana da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, Jami'ar Bayero kuma na yaye ƙwararrun masu gashin ƙashi. Tazarar Wudil da Kano kimanin kilomita 40 ce, amma ga mai neman na yau, zuwa da dawowa sau biyu a mako babban kashi ne. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta tabbatar da cewa manyan asibitocin garuruwan bakin ruwa suna da mai gashin ƙashi da ke zaune, da 'yan kayan aikin da ba su taka kara sun karya ba. Na biyu, a jawo masu ɗori a jiki, a yi zama da su, a amince a kan alamomin da in sun gani za su tura majinyaci hoto ba tare da sun ji an ci musu fuska ba. Na uku, sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masu yashi da masunta su kafa asusun jinya irin na adashi, su kuma sa doka a tsakaninsu cewa wanda kafaɗarsa ta goce ba zai ɗauki fasinja ba sai ya cika wa'adi. Maganar Sarkin Ruwa ta fi takardar ofis tasiri a bakin kogi. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ma tana iya shigar da su ta hanyar waɗannan ƙungiyoyi, Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa kuma, wadda aka kafa a 1997, ta haɗa wannan faɗakarwa da rabon rigunan kariya.

Akwai kuma wata riba da muke asara. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali tun 1934, Hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, tseren kwale-kwale na cikin abubuwan da ake zuwa kallo daga nesa. Ayomide Bello ta wakilci Nijeriya a tseren kwale-kwale na kwantaccen ruwa a gasar Olamfik ta Tokyo da kuma ta Faris a 2024. Yaran da suka tashi a bakin Kogin Wudil sun san ruwa tun kafin su san haruffa, ga jami'a a garin, ga makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda. Da hukumar wasanni ta jiha za ta kafa ƙaramar ƙungiyar tuƙi a nan, da mai horarwa da mai kula da lafiyar 'yan wasa, ilimin kiyaye kafaɗa zai tsallaka daga 'yan wasa zuwa iyayensu da yayyensu masu sana'a.

Daga ƙarshe, ina kira ga duk wanda ke da ɗan'uwa mai wannan sana'a, ko shi kansa yake fama da kafaɗar da ta taɓa fita, ko a ƙwallo ne, ko a dambe, ko a faɗuwar babur, da kada ya auna warkewa da lafawar ciwo. A je a yi hoto, a kammala gashi, a koma aiki daki-daki. Kwanakin baya na bi ta gadar Wudil da hantsi, na sa direba ya rage gudu, na hangi ƙanena a tsaye a bayan jirginsa, gora a gaban ƙirjinsa, yana juya jiki gaba ɗaya yana tura lodin yashi zuwa gaɓa. Bai gan ni ba, ni ma ban kira shi ba. Allah Ya kiyaye shi da sauran masu neman halaliyarsu a kan ruwa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.